Za a iya hana popcon aika sunayen fakitocinmu na cikin gida?

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka a taƙaice ita ce: kana kula da kwamfutocin wani kamfani da ke aiki da Debian, wani tsarin Linux, kun kunna popularity-contest (popcon), shirin da ke aika wa Debian jerin fakitocin manhajar da ke kan kwamfuta, don ku ba da taku gudummawar ga ƙididdiga, sai ka lura rahoton yana ɗauke da sunayen fakitocin da kuka haɗa da hannunku, wasu ma da sunan abokan cinikinku a jiki. Kana son sanin ko akwai hanyar cire su, kuma ko bai fi dacewa a daina aika duk wani fakitin da ba na Debian ba gaba ɗaya.

Hanyar cire naku tana nan, zan nuna maka ita. Amma a kashi na biyu ban goyi bayanka ba. Fakitin da kuka haɗa don amfanin kanku daban, fakitin da wani kamfani ya fitar ga duk duniya, irin su Chrome ko Docker, shi ma daban. Na farko bai kamata ko sunansa ya bar kwamfutarka ba. Na biyu kuwa yana cikin abubuwan da suka fi amfani a ƙididdigar. Yawancin gardamar da ake yi kan wannan batu tana tasowa ne daga zuba su a kwando ɗaya.

Mu fara da abin da ake aikawa, domin mutane da yawa sun kunna shi ba su taɓa buɗe rahoton sun gani ba. Popularity-contest, wanda kowa ke kira popcon, tsohon shiri ne. Avery Pennarun ya fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1990, Bill Allombert kuma ya daɗe yana kula da shi. Lokacin da kake girka Debian ana tambayarka ko kana son shiga, kuma amsar da aka saita tun asali ita ce a'a. In ka amince, cron, shirin da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, zai riƙa duba shi kullum, ya aika rahoto sau ɗaya a mako. Kwafin rahoton yana nan a /var/log/popularity-contest, kuma kana iya ganin sabo nan take in ka buga /usr/sbin/popularity-contest, domin shi wannan umarnin nunawa kawai yake yi a allo, ba ya aika komai.

Layin farko yana ɗauke da lokaci, da nau'in injin, da sigar popcon, da wata lamba da aka zaɓo da ka, wadda ke ajiye a /etc/popularity-contest.conf da sunan MY_HOSTID. Daga nan kowane fakiti yana da layinsa: yaushe aka taɓa fayilolinsa na ƙarshe, yaushe aka girka shi ko aka sabunta shi, sunansa, sannan cikakken adireshin fayil ɗin da aka fi amfani da shi kwanan nan. Ka kula da wannan na ƙarshen. Ba sunan fakiti kaɗai ke tafiya ba, har da sunan shirin da ke cikinsa. Idan fakitin sunansa ba ya nuna komai amma shirin ciki an sa masa suna irin /usr/bin/tura-albashi-bankin-wane, to shi ma ya isa sabar Debian.

A can sabar ana riƙe rahoton kowace kwamfuta har kwana 20, ko har ta aiko da sabo, kuma masu haɓaka Debian ne kaɗai ke da ikon ganin rahotannin ɗaya-ɗaya. Abin da ake bugawa a popcon.debian.org jimilla ce: kwamfuta nawa ke da fakitin, nawa suka yi aiki da shi cikin kwana 30 da suka wuce, nawa suka girka suka bar shi ajiye. To a nan matsalarka take. Jimillar tana ɗauke da sunayen fakitocin da Debian ba ta sani ba, an ware musu sashe, kuma jerin yana gangarowa har kan fakitin da kwamfuta ɗaya tak ta ambata. Kowa na iya sauke shi. Masu popcon ba su ɓoye wannan ba. A takardarsu ta tambayoyi da amsoshi sun lissafa shi cikin raunin da suka sani, suka ma ambaci kanel, wato zuciyar tsarin Linux, wanda mutum ya haɗa da kansa a matsayin inda abin ya fi tsanani.

Batun kanel ɗin ya cancanci a tsaya a kai, don shi ne wanda mutane suka fi mantawa. In ka haɗa kanel da make bindeb-pkg, duk abin da ka rubuta a LOCALVERSION yana shiga sunan fakitin. Mai haɗawa kuma me yake rubutawa a wurin? Abin da zai tuna masa da injin: sunan sabar, sunan reshe, wani lokaci sunansa shi kansa. Sai ka sami fakiti mai suna irin linux-image-6.1.0-sabar-albashi. Haka ma fakitocin nan marasa komai a ciki da ake haɗawa da equivs don kawai su jawo wasu fakitoci. Kusan kullum ana raɗa musu sunan aiki ko sunan abokin ciniki, domin amfaninsu ke nan. Wanda ya raɗa sunan bai yi laifi ba, a zatonsa a cikin gida sunan zai tsaya.

Wani zai ce ai suna ne kawai, ba a aika abin da ke ciki ba. Suna yana tona abubuwa uku, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙin ganewa shi ne sirrin kasuwanci. Fakiti mai ɗauke da sunan kamfaninku haɗe da na wani banki ya riga ya faɗi wanda kuke yi wa aiki, da irin aikin, kuma adadin da ke gefensa ya faɗi injuna nawa ke gudanar da shi. In akwai yarjejeniyar riƙe sirri tsakaninku da su, wannan layi ɗaya ya isa ya jawo muku magana.

Na biyu shi ne gane mutum ko injin. Lambar MY_HOSTID ba ta ɗauke da sunanka, gaskiya ne. Amma cire suna daga bayani bai isa ya ɓoye mai shi ba muddin akwai wani abu a jikinsa da ba kowa ke da shi ba. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ya gwada wannan da burauza a aikin da suka kira Panopticlick. Cikin burauza kusan 470,000 da suka ziyarci shafin, kashi 83.6 cikin ɗari ba su da tamka, kuma abin da ya fi bambanta su shi ne jerin salon haruffa da ƙananan manhajojin da aka maƙala musu. Jerin fakitocin kwamfuta ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Injin da ke da fakiti 2,000 na kowa-da-kowa da guda ɗaya da babu shi a ko'ina, wannan gudan shi ne sunansa. Masu popcon sun kawo misali mai sa mutum ya yi shiru: idan an san kai kaɗai ke da wani fakiti, ranar da ya ɓace daga jerin da ake bugawa, mai lura zai gane kwamfutarka ta yi makonni a kashe, wato wataƙila ba ka gida.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne ya sauya yadda masu tsaro ke kallon sunayen fakitocin cikin gida. A watan Fabrairun 2021 wani mai bincike, Alex Birsan, ya bayyana yadda ya shiga tsarin kamfanoni sama da 35, ciki har da Apple da Microsoft da PayPal da Tesla da Uber, ba tare da ya fasa kalmar sirrin kowa ba. Abin da ya yi shi ne tattara sunayen fakitocinsu na cikin gida daga wuraren da suka zube, kamar fayilolin package.json da aka bari a fili, sai ya ɗora fakitoci masu irin waɗannan sunaye a rumbunan jama'a na npm da PyPI da RubyGems, ya ba su lambar siga mai girma. Injinan kamfanonin da suka ga siga mafi girma a waje sai suka jawo nasa suka bar nasu. Da izini ya yi, kamfanonin suka biya shi ladan da ya haura dala 130,000. A ƙarshen Disambar 2022 kuma aka yi irinsa ba da izini ba: wani ya ɗora fakiti mai suna torchtriton a PyPI, ya shiga injinan masu girka sigar gwaji ta PyTorch, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, tsakanin 25 da 30 ga watan, yana kwashe fayiloli har da makullan SSH na shiga sabobi daga nesa.

Sai dai a yi adalci, a Debian wannan hari bai da sauƙi haka. Ba kowa ke iya tashi ya ɗora fakiti a rumbun Debian ba, kuma apt, shirin da ke jawo fakitoci daga rumbuna, yana duba sa hannun kowane rumbu. Amma ka tuna shi ma apt siga mafi girma yake zaɓa in ba ka ɗaure shi da /etc/apt/preferences ba, kuma duk rumbun waje da ka ƙara yana iya kawo fakiti mai kowane suna. Sannan a kamfanoni da yawa sunan fakitin deb shi ne dai sunan fakitin Python ko na npm da ke cikinsa, da ɗan ƙari a gaba. Wanda ya ga python3-kamfani-biya a jerin popcon ya san sunan da zai gwada a PyPI.

Yanzu ga maganin. Debian ta ba mai haɗa fakiti damar ƙara nasa filin a fayil ɗin debian/control. Ƙa'idar ita ce filin ya fara da X, sai harafin da ke nuna inda za a kwafe shi, kuma B yana nufin cikin fakitin da ake girkawa. Sababbin sigogin popcon suna duba wani fili na musamman, in sun gan shi sai su tsallake fakitin. A sashen kowane fakiti sai ka ƙara:

XB-Popcon-Reports: no

Lokacin haɗawa za a cire XB ɗin, filin ya shiga fakitin a matsayin Popcon-Reports: no, dpkg kuma, shirin da ke girka fakitoci, ya ajiye shi a /var/lib/dpkg/status. In kana haɗa fakitinka kai tsaye da dpkg-deb, kana rubuta DEBIAN/control da hannu, to ba ka buƙatar XB, ka rubuta filin yadda zai kasance a ƙarshe. Bayan ka sabunta fakitin a kan injin, ka duba da dpkg -s ko filin ya shiga, sannan ka buga /usr/sbin/popularity-contest ka nemi sunan da grep. Kada ka tsallake wannan gwajin, musamman in akwai tsofaffin injina a cikin naku, domin tsohuwar sigar popcon ba ta san filin ba, za ta ci gaba da aikawa kamar da.

Kyawun wannan hanya shi ne tacewar a kan injinka ake yin ta, sunan ba ya fita ko da taku ɗaya. Rauninta kuma shi ne sai mai haɗa fakitin ya san da ita, ya kuma tuna. Don haka kada ka bar ta ga tunanin mutane. Ka sa filin a samfurin da kuke kwafa duk lokacin da za a fara sabon fakiti, ka kuma sa injin da ke haɗa muku fakitoci ya ƙi karɓar duk wanda babu filin a ciki. Kanel da fakitocin da wani ɗan kwangila ya kawo muku a kulle, waɗanda ba ku da ikon gyara musu control, su ne za su rage. Ga kanel, ka daina sa suna mai ma'ana a LOCALVERSION. Ga sauran, in sunan yana tona wani abu, ka kashe popcon a wannan injin kaɗai da dpkg-reconfigure popularity-contest, ko ka sa PARTICIPATE="no" a fayil ɗin saitinsa.

Sunayen da suka riga suka fita fa? Za su faɗi daga jerin yau da kullum bayan tsofaffin rahotanninku sun cika kwanakinsu. Amma magana zarar bunu ce. Ana sauke waɗannan jeri ana ajiyewa, masu bincike na yi, masu adana shafukan intanet na yi. Ka ɗauka duk sunan da ya taɓa fita ya fita ke nan. In yana da tagwai a Python ko npm, ka tabbatar injinanku daga rumbunku kaɗai suke jawo shi. A pip musamman, wato shirin girka fakitocin Python, ka guji --extra-index-url ga fakitocin cikin gida, don ba ya fifita rumbu a kan rumbu, siga kawai yake kallo.

Sai kashi na biyu, me zai hana popcon ya daina aika duk abin da ba na Debian ba a huta? Da farko, tambayar “daga ina wannan fakiti ya zo” ta fi wuya fiye da yadda ake zato. Shi dpkg ba ya rubuta inda ya samo fakiti. An ba shi fayil, ya girka, shi ke nan. Apt ne ke da labarin rumbuna, shi ma abin da ya sani shi ne abin da rumbunan ke ɗauke da shi a yau, ba ranar da aka girka ba. Ka gwada apt list '?obsolete' a injin da ya daɗe yana aiki. Zai kawo maka fakitocin da babu su a kowane rumbu, kuma a ciki za ka ga naku na cikin gida, da tsofaffin kanel na Debian, da laburaren da aka cire tun sigar da ta wuce amma wani shiri yana dogara da su har yanzu. A idon injin duk ɗaya suke. Su kuwa waɗannan na ƙarshen, masu haɓaka Debian suna matuƙar son sanin adadinsu, don su ga mutum nawa aka bari a baya.

In aka ce a duba filin Origin da ke cikin fayil ɗin Release na kowane rumbu, shi ma mai rumbun ne ke rubuta abin da ya ga dama a wurin. Kuma rumbun kamfaninku da rumbun Google, ta fuskar apt, kamanninsu ɗaya: adireshi ne, da makulli, da jerin fakitoci. Babu wata alama da ke cewa wannan na jama'a ne, wancan na gida ne. Ga kuma tsare-tsaren da aka gina a kan Debian, waɗanda da yawa daga fakitocinsu daga nasu rumbun suke zuwa. A ɓangaren RPM, tsarin fakitocin su Fedora, abin ya ɗan fi sauƙi, don dnf, takwaran apt a can, yana rubuta rumbun da ya jawo fakiti daga ciki, amma ko a can sanin sunan rumbu bai gaya maka ko na sirri ba ne.

Ko da an warware wannan, sai a tambayi me za a rasa. Sashen fakitocin da Debian ba ta sani ba shi ne wurin da take ganin abin da mutanenta ke fita waje nema. Idan dubban injina suna ɗauke da google-chrome-stable ko docker-ce ko code, wannan saƙo ne: ko dai babu abin a Debian, ko wanda ke akwai ya tsufa, ko mutane ba su san da shi ba. Mai son ya ɗauki nauyin sabon fakiti yana iya duba wannan jeri ya ga inda buƙata take. Mai shirin sauya wata babbar laburare yana iya hasashen manhajojin waje nawa za su karye. Ambaton Chrome kuwa ba ya tona asirin kowa, domin kana cikin taron dubbai. A toshe wannan duka saboda a kare fakitocin gida, an yi asarar da ba ta zama dole ba.

Akwai shawarwari biyu da ake yawan kawowa waɗanda suke da daɗin ji amma ba su isa ba. Ɗaya ita ce a murɗe sunan ya koma jerin lambobi da dabarar hash kafin a aika. Sunayen fakitoci gajeru ne, kuma ana iya hasashensu. Mai nema zai haɗa sunan kamfani da kalmomin da aka saba, ya murɗe su shi ma, ya gwada har ya dace. Ko bai dace ba, lambar da ta bayyana a inji ɗaya tak tana nan a matsayin tambari. Ɗayar ita ce kada a buga suna sai injina da dama sun ambace shi. Wannan tana da amfani na gaske, tana kare mutum ɗaya da kanel ɗinsa, kuma zan so a ce kowane tsarin ƙididdiga yana da ita. Amma ba ta kare irinku ba. Kamfanin da ya girka fakitinsa a injina 300 ya tsallake kowane ƙaramin shinge, sunan ya fito, har da adadin. Sannan ko ba a buga ba, sunan ya riga ya isa sabar wani.

Wasu ayyukan sun bi ta wasu hanyoyi, kuma akwai abin koyo. Homebrew, shirin girka fakitoci da masu Mac suka fi sani, ya fara tattara ƙididdiga a 2016, kuma nasa a kunne yake sai ka kashe da brew analytics off. A wannan ban yarda da su ba. Amma a kan batunka sun yi daidai: suna aika sunan abin da ka girka ne kawai idan ya fito daga rumbun GitHub da ke buɗe ga kowa. Na waje amma na jama'a ana ƙirga shi, na sirri ba a ambatarsa. Sun iya yin haka ne saboda kusan duk rumbunansu a wuri ɗaya suke, akwai wanda za a tambaya ko a buɗe rumbu yake. Debian ba ta da wannan gatan.

Go, harshen rubuta manhaja, ya nuna fuska biyu. Tun siga ta 1.13 a 2019, umarnin go yana tambayar proxy.golang.org duk fakitin da zai jawo, don haka adireshin fakitin sirri yana isa sabar Google sai in ka saita GOPRIVATE. Nan ma nauyin a kan mai injin yake, kamar filin popcon. Amma da suka zo gina ƙididdigar amfani, sai suka juya lamarin. Russ Cox, jagoran aikin Go a lokacin, ya kawo shawarar a Fabrairun 2023 da nufin ta kasance a kunne tun asali, jama'a suka yi ca, aka mayar da ita sai wanda ya kunna da kansa, ta fito a siga ta 1.23 a 2024. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne akwai jeri a fili na abubuwan da aka yarda a aika, duk abin da ba ya cikin jerin yana zama a kan injinka. Fedora kuma, wajen ƙirga injina da dnf, ba ta aika jerin fakitoci ko kaɗan, alama kawai ake maƙalawa a buƙatar da injin ya saba aikawa rumbu.

Da za a ce in zana irin wannan tsari daga farko, ko kai in wata rana aka ba ka aikin, hanyar Go zan bi. Injin ya aika sunan da ya tabbata na jama'a ne, wato wanda ke cikin rumbun hukuma, na yanzu ko na baya, ko cikin rumbun waje da masu shi suka bayyana cewa a buɗe yake. Duk sunan da ba a tabbatar ba, a ƙirga shi ba tare da suna ba, a ce injin nan yana da fakiti kaza da ba a sani ba. Haka mantuwar mutum ɗaya ba za ta zama tonon asiri ba. Farashin shi ne za a makara wajen gano sabon abin da mutane suka fara rungumar sa, kuma sai an sami mai kula da jerin. Popcon ya girmi duk wannan tunani, an gina shi a zamanin da yawancin masu aika rahoto mutane ne da kwamfutocinsu na gida, shi ya sa nasa ya zo a juye: komai na tafiya sai wanda aka ce kada ya tafi.

Abin da nake roƙonka shi ne kada wannan ya sa ka kashe popcon a ko'ina. Na san shi ne mafi sauƙi, kuma shi yawancin masu kula da injina ke yi. Amma alƙaluman nan ana aiki da su. Da su aka riƙa tsara fakitocin da za su shiga faifan farko na Debian, kuma idan ana shawarar cire fakitin da ya rasa mai kula, ƙarancin masu amfani a popcon yana cikin hujjojin da ake kawowa. Injinan da ke aika rahoto sun haura 200,000 ne a duk duniya, don haka a fakiti ƙarami injina goma ma suna sauya hoto. Ka ɗauki fonts-sil-alkalami, salon haruffan Ajami da SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, ta zana bisa irin rubutun ƙasar Kano, ko fonts-sil-harmattan da aka yi don Ajamin Afirka ta Yamma. Masu buƙatar waɗannan mu ne. In duk mun yi shiru, a takarda za su zama kamar ba mai amfani da su. Gaskiya ne fakiti irin wannan da ba kowa ke da shi ba yana ƙara bambanta injinka da na wasu, amma maganin wannan shi ne mu yawaita a cikin jerin.

Don haka ka raba injinanku. Kwamfutocin ma'aikata da sabobin da fakitocinsu na gida duk sun sami filin Popcon-Reports, ka bar su suna aikawa, ka kuma tabbatar gnupg, shirin kulle saƙonni, na nan a kansu, don popcon yana kulle rahoton da makullin Debian kafin ya aika idan ya same shi, kana ma iya tilasta hakan da ENCRYPT="yes". Injinan da kuke riƙe wa abokan ciniki kuwa, ba kai ke da hurumin yanke musu shawara ba, ka bar shi a kashe sai in sun amince a rubuce. In kuna kwafar inji ɗaya kuna yaɗawa zuwa da yawa, ka sa kowanne ya sami sabuwar MY_HOSTID bayan kwafi, in ba haka ba duk za su riƙa aikawa da lamba ɗaya, rahoton wannan yana goge na wancan, sabar ta ƙirga su a matsayin inji guda.